Ceto Daban, Fansa Daban

'Yan uwa malamai, tun da masu garkuwa da mutane suka fara ƙetarowa daga iyakar Katsina zuwa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono, wasu kalmomin Turanci sun shiga bakin ɗalibanmu ta rediyo da waya. Nauyi ne a kanmu mu koyar da su daidai, domin a wannan fage kuskuren kalma ɗaya kan binne gaskiya.

Da Hausa, “fansa” fuska biyu gare ta: akwai kuɗin fansa, akwai ɗaukar fansa. Turanci ya raba su: na farko “ransom”, na biyu “revenge”. Haka kuma “pay ransom for” na nuna wanda aka fanso, “pay ransom to” na nuna wanda ya karɓi kuɗin. Yaron da ya musanya su a wasiƙa ya mayar da mahaifinsa ɗan bindiga.

Mafi nauyi shi ne bambancin “rescued” da “released”. Ta farko ceto ce, wato jami'an tsaro sun ƙwato mutum. Ta biyu saki ce, ba ta kuma faɗi abin da aka bayar ba. A Maris 2024, da ɗalibai 137 na Kuriga ta Jihar Kaduna suka dawo, sojoji sun ce ceto su aka yi a Zamfara, Gwamnatin Tarayya ta ce ba a biya ko kwabo ba. A Tegina ta Jihar Neja kuwa, yaran Islamiyyar da aka sace a Mayu 2021 ba su ga gida ba sai a Agusta, bayan iyaye sun tara kuɗi da kansu. Wanda ya kira irin wannan “rescue” ya shafe gonar da aka sayar da shanun da aka rabu da su, ya kuma miƙa wa hukuma yabon da ba nata ba. Ga shi a Afrilu 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga mai biyan fansa. Saboda haka duk malamin da aka roƙa ya rubuta wa iyali takarda zuwa ga hukuma, ya auna kowace kalma.

Akwai kuma “hold to ransom”, salon magana mai nufin tilasta wa wani ta hanyar riƙe abin da yake bukata. Da shi ake jifan ƙungiyoyin ma'aikata duk lokacin yajin aiki. Mu fahimce shi, amma mu ƙi shi. Malamin da ke neman albashinsa haƙƙinsa yake nema, bai tsare ɗan kowa a daji ba.

Muna kira ga malaman aji biyar da shida su ware darasi ɗaya don waɗannan kalmomi, cikin natsuwa, ba tare da firgita yara ba. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya tsare makarantunmu.