Baƙin wuyan ɗanki ba dauɗa ba ce

Ƴan uwa, akwai wata alama da nake yawan gani a wuyan yara masu ƙiba, daga Bana har cikin garin Gaya: fatar ƙeya ta yi baƙi ta yi kauri, kamar an shafa gawayi. Uwa sai ta ɗauki soso ta yi ta dirza, tana faɗan ƙazanta. Ba ya fita, kuma ba zai fita ba. Sau da yawa wannan baƙin alama ce cewa insulin ya yi yawa a jinin yaron.

Insulin shi ne sinadarin da jiki ke fitarwa don ya shigar da sukari cikin tsoka. In kitse ya taru, musamman a tumbi, tsoka sai ta daina jin maganarsa, jiki kuma ya yi ta ƙaro shi. Lokacin balaga ma, ko yaro siriri ne, jin maganar insulin yana raguwa na ɗan wani lokaci. To ina ga an haɗa da ƙiba? Hanyar ciwon sukari ke nan tun ana kwaleji.

Akwai wasu biyu. Leftin, da aka gano a 1994, kitse ne ke fitar da shi don ya shaida wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Mai ƙiba yana da shi da yawa, amma ƙwaƙwalwar ta zama kurma. Girelin kuwa, da masana a Japan suka gano a 1999, daga ciki yake fitowa, shi ne mai kiran yunwa, kuma ƙarancin barci yana tayar da shi. Yaron da ke fada har ƙarfe biyun dare, waya a hannu, shayi zagaye uku kowanne da sukari kamar za a yi alewa, gobe yunwarsa ba irin ta kowa ba ce. Shi ya sa nake jin haushi in aka ce wa irin wannan yaro "mai haɗama".

Na san abin da za a ce mini: ƙasar da ke fama da tamowa, ina ruwanta da ƙiba? Ai duka biyun suna iya kwana gida ɗaya. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari na masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima. A 2022 sun kai kashi 20. Mu kuma a bakin iyaka muke, tsakanin Malanbil da Kamba, lemun kwalba da biskit da garin lemo ba sa wuyar iso mu. Gwangwani ɗaya na lemo yana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali abin da hukumar ta fi so kar a wuce a yini kusan giram 25 ne. Najeriya ta sa harajin naira 10 kan kowace lita a dokar kuɗinta ta 2021; kaɗan ne, amma an fara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne "sha ka fashe". Ƴan mata na saye wurin masu tallan magani don su yi jiki kafin aure, tunda mu ne muka koya musu cewa ƙiba ce shaidar jin daɗi. Cikin ƙwayoyin akwai dexamethasone, wanda ke kumbura fuska, ya hau da sukarin jini. Wadda ta daɗe tana sha kar ta yanke dare ɗaya, ta je likita a rage mata a hankali.

Labari mai daɗi shi ne jikin matashi yana saurin amsawa. Motsa jiki yana gyara aikin insulin ko sikeli bai nuna an rage ko kilo ɗaya ba. Awa ɗaya a yini ake nema: ƙwallo, keke, tafiya lakwal a ƙasa maimakon kabu-kabu, aikin fadama. Ba a ce a hana yaro tuwo ba, horon yunwa ma cutarwa yake. A rage abin sha mai zaƙi, a ƙara wake, zogale, kifi, a kwanta da wuri.

Amma ɗiya mace fa, a ina za ta yi gudu ba a yi da ita ba? Nan ne aikinmu. Muna neman kwamitocin iyaye su tsaya a daina cinye awar wasanni da wani darasi, a kuma duba abin da ake saidawa a ƙofar lakwal. Muna neman hukumar gari ta ware fili da lokaci na ƴan mata, a kuma riƙa awon sukari ga matasa masu wannan alama a gidajen likitanmu, kan kuɗin da talaka zai iya biya.