Abboki ba bulala ba ne

Ƴan'uwana malaman Tawa, mun mai da Abboki, littafin Mahamadou Halilou Sabbo, bulalar dukan samarin Adar masu tafiya biɗa bakin teku. A aji sai mu ce kwaɗayi ya ja su. Wane kwaɗayi? Littafin ya fito a 1978, bayan farin 1973, lokacin da gonaki suka koma faƙo, hatsin agaji kuma ya maƙale a hannun manya, har soja suka kafa hujja da haka suka kifar da Diori a 1974. Wannan kam ba ma faɗa wa yara, mu ma'aikatan gwamnati ne. Alhali yaron da ubansa ke Abijan yana zaune a bencin gaba, yana jin sunan da muke kiran uban da shi.