Wayar da ke ƙarƙashin kogi ita ce ran gadar

Ranka ya daɗe Edita,

Na ji daɗin bayaninku kan gadojin jirgin ƙasa masu buɗewa don jiragen ruwa su wuce, amma kun tsallake wani abu: ta ina wuta ke isa wurin injin da ke juya gadar?

A ɗauki gadar Portal ta kogin Hackensack a jihar New Jersey, Amurka, wadda aka buɗe a 1910. Tana juyawa ne a kan ginshiƙi guda a tsakiyar ruwa. Irin wannan gada, in aka shimfiɗa mata waya a jiki, juyin farko wayar za ta tsinke. Shi ya sa ake bi ta ƙasan kogi.

A da, a kwance ake ajiye wayar cikin laka, inda anka ko injin yashe kogi kan finciko ta. Yanzu daga gaɓa ake girka injin haƙa, ya nutsa a karkace, ya ratsa can ƙarƙashin lakar. Sai a ja bututun roba mai kauri, a zura wayoyin wuta da na sigina. Na siginar ma sun fi ban tsoro: in ba su shaida cewa dogo ya haɗu ya kulle ba, jar fitila ba za ta saki jirgin ƙasa ba, ko da fasinja dubu ne a ciki.

Don Allah a fitowa ta gaba ku zana mana yadda bututun ke ratsawa.

Naku,
Mai karatu daga Newark