Sobolo Ya Fi Ƙarfin Raini

Akwai wata al'ada da ta shigo bukukuwanmu na Nima da Mamobi wadda na kasa yi wa shiru. Duk gidan aure ko suna, sai ka ga teburin manyan baƙi an jera masa dogayen kwalabe masu wuyan zinariya, wai giyar inabi marar sa maye, daga Turai ko Afirka ta Kudu. Sobolon da Hajiyar gidan ta kwana tana dafawa kuwa, an tura shi bayan rumfa cikin bokiti, rabon yara da 'yan wanke-wanke. Jama'a, wannan wane irin raina kai ne?

Mu fara da abin da ke cikin kwalbar. Wasu ruwan inabi ne kawai da sukari da iska. Wasu kuma giya ce ta gaske da aka zare wa barasa, kuma dokar Turai ta yarda a bar kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a ciki. Hukuncinsa na bar wa malamai. Tambayata ita ce, me ya kai mu kwaikwayon shan abin da muka ce ba ma sha, har da ɓalle murfi a yi shewa? Kayan aro ba ya rufe katara.

Sai batun kuɗi. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari, sidi ya sha ƙasa. Kowace kwalba da dala aka shigo da ita ta tashar Tema. Kuɗin sobolo kuwa a unguwa yake kwana: wajen mai sayar da busasshen fure a kasuwar Nima, da mai citta, da mai kanumfari da kimba, da matar da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta da ribarsa.

Abin da muke ɓoyewa, duniya tana alfahari da shi. A Senegal bisap ne, a Masar da Sudan karkade, a Kano zoɓo. Jihar Jigawa tana noma furen ana lodinsa zuwa Meziko. A 2010 masana daga Jami'ar Tufts ta Amurka sun wallafa binciken da ya nuna shan kofi uku a rana na mako shida ya sassauta hawan jinin waɗanda aka gwada.

Faransawa ba da sihiri suka ɗaukaka inabinsu ba. Tun 1935 suka kafa hukumar kare sunan kowane yanki, har gonar iyali guda ta zama abin tinƙaho, ana faɗin abincin da ya dace da abin shanta. Mu ma kowane gida da hannunsa. Mai yawan citta, mai ɗan tsami, shi ke yanke maiƙon tsire da yaji. Wanda aka dafa da ɓawon abarba ya dace da wake da shinkafa mai shito. Marar sukari sosai, mai sanyi, a biyo da shi bayan tuwon zafi da miyar ayoyo. Wace kwalbar Turai ce ta san ɗanɗanon daddawa?

Na san abin da za a ce: tsabta. Gaskiya ne, wasu suna ɗura shi a tsofaffin robobin da aka tsinto, wasu suna zabga sukari kamar ba gobe. Maganin wannan sabuwar kwalba ce, da ruwa mai kyau, da rajista a Hukumar Abinci da Magunguna. Ba a ƙona rumbu don ɓera.

Don haka kirana ga iyayen biki: ku ba matan unguwa kwangilar, ku biya su da daraja, a zuba sobolo a tulun gilashi, a rubuta sunan gidan da ya dafa, a ajiye shi gaban Sarkin Zango da liman. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.