Doki Ya Sami Hawan Salla, Ina Makomar Mota Mai Kuka?

Wani al'amari yana faruwa a ƙasashen da ake ƙera motoci, wanda mai karatu zai iya ɗauka cewa bai shafi ƙasar Hausa ba. A ƙarshen shekarar 2023 kamfanin Dodge na Amurka ya daina ƙera Challenger, a lokacin kuma Audi na Jamus ya rufe aikin TT, sa'an nan a 2025 Nissan na Japan ya fitar da GT-R ta ƙarshe a samfurinta. Waɗannan duka motocin sha'awa ne, watau waɗanda ba don ɗaukar kaya ko iyali ake sayensu ba, sai don gudu da ƙarfin inji da daɗin tuƙi. Babban dalili shi ne kamfanoni sun karkatar da kuɗinsu ga motoci masu aiki da lantarki, musamman tun da Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 wadda ta sa 2035 ya zama wa'adin daina sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi, ko da yake an yi ta ja-in-ja a kan sassauta wannan wa'adi.

To, ina ruwan mutumin Birnin Kudu ko Gwaram, wanda watakila bai taɓa ganin GT-R ba? Da ruwansa ƙwarai, domin sha'awar mota ba ta Turawa ba ce su kaɗai. Birnin Kudu tana bisa babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma duk wanda ya tashi a bakin wannan hanya ya san zamanin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. A wannan shekarar ce kuma irin wannan mota ta cinye gasar tseren Safari a Kenya. Direbobin tasha sun ba ta matsayin da mahaya ke ba ingarma: a wanke ta, a yi mata ado, a rubuta mata kirari a gilashin baya, a yi gardama a kan wanda ya fi iya sa mata giya. Da ta tsufa sai Golf da Sharon suka gaje ta, su ne ke jigilar 'yan kasuwa zuwa Sara da Basirka da Babaldu. Samari masu hali kuwa tsohuwar Marsandi suke nema, su ƙwaƙule salansa don ta yi ruri ranar biki.

Abin lura shi ne, in ban da Fijo ta Kaduna, kusan dukkan waɗannan motoci kwancen Turai ne. Sai Bature ya more mota shekara goma ko fiye, kana ta hau jirgin ruwa ta sauka Kwatano ko Ikko, ta iso Arewa da sunan sabuwa. Haka ma kayan gyaranta, daga fistin har giyabos, galibi tsofaffi ne da ake sayowa a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ashe ke nan abin da aka daina ƙerawa a Jamus bana, shi ne za a rasa a garejin Gwaram bayan 'yan shekaru. Da fari ma abin zai yi kama da arziki, domin tsofaffin motocin fetur da Turai ke neman rabuwa da su za su kwararo. Daga baya ne rijiyar za ta soma ƙafewa.

Masu kwantar da hankalin jama'a suna kawo misalin doki. Suna cewa da mota ta zo doki bai mutu ba, sai dai ya bar fatauci da yaƙi ya koma hawan salla, kamar yadda hakiman Birnin Kudu da Gwaram ke kai dawakinsu Dutse. Saboda haka motar fetur ma za ta zama abin ado da wasa. Wannan magana tana da daɗin ji, kuma ga attajirin Turai gaskiya ce, tun da yana iya ajiye Ferrari ya saya mata mai kome tsadarsa. Amma a nan misalin ya gurgunce. Goɗiya tana haihuwa, doki yana cin dawa da harawar da aka noma a bayan gari, sirdi da linzami kuma aikin dukawa da maƙera ne na gida. Golf ba ta haihuwa, kuma babu maƙerin da ke ƙera fulogi. Abin da ya fi kama da ita shi ne shanun nan marasa tozo da mutanen dā suka zana a Dutsen Habude na Birnin Kudu: zanen yana nan, irin shanun kuwa babu su a garkunan yankin.

Ba wai motar lantarki ta kasa ta fetur gudu ba ne. Hasali ma ta fi ta zafin tashi, domin ƙarfinta yana zuwa gaba ɗaya da zarar an taka totur, babu kuloci, babu sauya giya. Abin da ta rasa shi ne murya. Kamfanonin sun san haka, shi ya sa Dodge ya sa wa Charger mai lantarki na'urar da ke kwaikwayon rurin salansa, Hyundai kuma ya sa wa Ioniq 5 N giyar ƙarya. Wannan dai ganga ce ba fata, kuma da wuya direban da ya saba gane lafiyar inji da kunnensa ya yarda da ita. A gefe guda, mota mai tsananin gudu wadda ba a jin tahowarta abin tsoro ce a garin da titi ya ratsa kasuwa, ga yara ga awaki ga amalanke. Wasan mota na ranar biki ya riga ya jawo asarar rayuka a garuruwan Arewa, alhali ana jin kukan injin tun daga nesa.

Amma wanda ya fi cancanta a yi wa tunani ba mai wasan mota ba ne, bakanike ne. Iliminsa na kafireta da lagireto da ringi da baƙin mai ya same shi ne ta hanyar zama shekaru a gaban maigida, kuma da shi yake ciyar da iyali, yake riƙe yara masu koyo. Motar lantarki ba ta da kafireta ko ringi ko baƙin mai. Tana da batir mai ƙarfin wuta kimanin bolt 400, wanda ke iya kashe wanda ya taɓa shi da jahilci, kuma shi ne ɓangare mafi tsada a jikinta. Zafi yana rage masa rai, ga shi bazarar Jigawa takan haura digiri 40. Idan kwancen irin wannan mota ya fara isowa, da gajiyayyen batir zai iso.

Wasu za su ce wannan duka nesa ne, tun da wutar da ake raba wa Nijeriya baki ɗaya ba ta cika wuce megawat 5,000 ba. Haka ne, amma alamu sun riga sun bayyana. A 2020 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Ikko. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya yi aikin zanen motoci a kamfanin General Motors, ta buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri kuma, can ƙarshen hanyar da ta ratsa Birnin Kudu, Mustapha Gajibo ya mai da ƙananan bas-bas masu aiki da batir. Janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wanda ya kai litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 1,000 a ƙarshen 2024, ya fi kowace dokar Turai saurin sauya lissafin ɗan acaɓa. Alamu sun nuna ta babur da Keke Napep canjin zai shigo, domin batirinsu ƙarami ne, faifan hasken rana yana iya cika shi.

Saboda haka ya kamata gwamnatin Jigawa da ƙananan hukumomin nan biyu su shigar da aikin batir da injin lantarki cikin cibiyoyin koyon sana'a tun yanzu, su fara da masu wayarin mota da masu haɗa sola, waɗanda hannunsu ya riga ya saba da waya. Ƙungiyoyin kanikawa kuma su tura yaransu, kada su tsaya jiran ranar da za a jawo musu motar da ba su san ta inda ake buɗe ta ba. Masu tsohuwar 504 ko Marsandi mai lafiya kuwa, in har suna son jikokinsu su ji kukanta, sai su soma tara kayan gyaranta tun Ƙofar Ruwa tana da su.