Kiwon Dabbobin Gida: Kyanwa da Maganin Sitiroyid

Mutum yakan tsorata in likitan dabbobi ya rubuta wa kyanwarsa sitiroyid, kamar prednisolone. Ana ba da shi domin asma, ƙaiƙayi da kumburin hanji, yana kuwa aiki. Amma kyanwa takan yawaita shan ruwa da fitsari, cinta ya ƙaru. In an daɗe ana ba ta, yakan jawo ciwon sukari.

Babban haɗari shi ne ku tsayar da shi farat ɗaya don kun ga ta ji sauƙi. Maganin yakan sa jikinta ya rage yin irin nasa sinadarin, saboda haka sai a janye shi kaɗan kaɗan yadda likita ya tsara. In tana ci amma tana ramewa, ku mai da ita wurinsa maza.