Jirgi Ba Ya Kifar Da Kansa: Wa Zai Ɗauki Alhaki?

Kusan kowace shekara jaridu kan dawo mana da kanun labarin da muka saba da shi: jirgi ya kife da mutum kaza. Mai nazarin harshe zai lura da ginin wannan jimla. Jirgin shi ne aikau, shi aka ɗora wa aikin. Matuƙin da ya yi lodi, da mai jirgin da ya karɓi kuɗi, da hukumar da ta kau da kai, duk sun ɓace daga cikin zancen. Daga nan sai a ce ƙaddara ce, a yi ta'aziyya, a watse.

Mu a nan Baure da sauran ƙasar Daura mun ɗanɗana wannan ɗaci. A watan Mayun 2022, ana tsakiyar shagulgulan ƙaramar Sallah, kwalekwale ya kife a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, aƙalla mutum 15 suka rasu, akasarinsu yara. Kafin nan, ranar 30 ga Nuwamba 2021, wani jirgin ya nutse a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi, aka rasa aƙalla rai 29. Lodin da ya wuce kima aka ɗora wa laifi, gwamnati kuma ta dakatar da sufurin jirage a wurin. To amma wa ya yi lodin?

Doka dai akwai ta. Tun 1997 aka kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, kuma ƙa'idojinta na 2023 sun wajabta sanya rigar ceto, sun hana lodin wuce kima da tafiyar dare. Dokar Final Kot ta tanadi hukunci ga wanda gangancinsa ya jawo asarar rai. Shari'ar Musulunci ma ta ɗora diyya a kan kisan kuskure, don haka imani da ƙaddara bai taɓa wanke mai sakaci ba. Abin da ba kasafai muke ji ba shi ne an kai maganar gaban alƙali har an yanke hukunci.

Bari mu leƙa yadda ake yi da jiragen da ke kai masu nutso cikin teku a wasu ƙasashe. A 1998, wani jirgi a Ostareliya ya komo gaɓa ya bar ma'aurata, Tom da Eileen Lonergan, a tsakiyar teku, ba a farga ba sai bayan kwana biyu, kuma ba a sake ganinsu ba. Kotu ta wanke matuƙin daga tuhumar kisa, amma an ci tarar kamfanin, aka kuma tsananta dokar ƙirga fasinja kafin jirgi ya tashi. A 2019, gobara ta cinye jirgin Conception a gaɓar Kalifoniya ta Amurka, mutum 34 suka halaka. Bincike ya gano ba a ajiye mai gadin dare ba, kamar yadda doka ta ce. A 2024 aka yanke wa matuƙin ɗaurin shekara huɗu. A duka wuraren biyu an yi tambaya guda, mece ce ƙa'ida kuma wa ya tsallake ta, sannan aka ba da amsa a gaban kotu.

Su kansu masu nutson, takardar shaidarsu tana da iyaka. A tsarin ƙungiyar PADI, mai shaidar farko ba ya wuce zurfin mita 18, na gaba da shi mita 30, iyakar nutson nishaɗi kuwa mita 40. Ƙa'ida ita ce a shiga ruwa biyu-biyu. Mai son a horar da shi ya nutsa shi kaɗai, sai ya nuna ya yi nutso sau 100, ya kuma riƙe tukunyar iska ta biyu saboda ɓacin rana.

Mai karatu ya kwatanta wannan da halin da namu masu nutson suke ciki. Ranar da jirgi ya kife, ko yaro ya faɗa kududdufi ko rijiya, masunta da samarin da suka iya ninƙaya ake kira. Su tuɓe riga su faɗa ruwan da ba a ganin tafin hannu a cikinsa, kowa shi kaɗai, da numfashin ƙirjinsa kawai, sau da yawa ko igiya babu. Babu wanda ya gwada iyakar ƙarfinsu, babu inshora, kuma idan ɗayansu bai fito ba, iyalinsa ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Hukumar da ta dogara da su wajen ceto tana da alhakinsu a wuyanta, ko ta rubuta ko ba ta rubuta ba.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da Masarautar Daura da ƙananan hukumominta su haɗa hannu da NIWA. A yi wa kowane kwalekwale na haya rajista, a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa da Hausa da ajami. A ba Sarakunan Ruwa ikon hana jirgi tashi, tunda su suka san ruwan da matuƙansa. A tantance masu nutso, a horar da su tare da 'yan kwana-kwana, a ba su kayan aiki, a kuma hana kowa shiga ruwa ba tare da igiya da mai tsaronsa a baki ba. Idan kuwa hatsari ya auku, a bayyana rahoton bincike ga jama'a, wanda aka samu da sakaci ya gurfana, ko matuƙi ne ko jami'in gwamnati.

Ba muna neman a raba talaka da sana'arsa ba ne. Matuƙin da ya san za a tambaye shi zai ƙirga fasinja kafin ya ɗaga filafili, kuma wannan ƙirgar ita za ta mayar da 'ya'yanmu gida. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba.